Aftershock: Ƙari a Kan Wasan Ion Fury

A watan Oktoban 2023 kamfanin 3D Realms ya fitar da Aftershock, ƙari a kan wasan harbi na kwamfuta mai suna Ion Fury, wanda Voidpoint ya ƙirƙira a 2019. Sai wanda ya mallaki uwar wasan zai iya buga shi.

Ion Fury irin wasan nan ne da ɗan wasa ke kallon duniya ta idon jarumar, Shelly Harrison, bakin bindigarta kawai yake gani a ƙasan allo. Abin mamaki shi ne injin da aka gina shi a kai: Build, na Ken Silverman, wanda Duke Nukem 3D ya yi amfani da shi tun 1996. Abokan gaba zane ne shafaffe, kamar hoton kwali. Rauni ba ya warkewa don ka laɓe a bayan bango. Dole ka nemo akwatin magani, ka laluɓo katin buɗe ƙofa, ka ƙwanƙwasa lungu don neman ɓoyayyen ɗaki.

Aftershock ya kawo sabbin matakai da makamai, da wani babur mai shawagi ɗauke da bindigogi. Tun 2021 aka sanar da Aftershock, masu jira suka sha zaman shekara biyu.