Taurarin da ke bugawa kamar agogo

 Yau mu ɗan ajiye zancen shinkafa da ruwan Tiga, mu ɗaga kai sama.

Idan ƙaton tauraro ya ƙone ya fashe, wani lokaci cibiyarsa kan dunƙule ta zama abin da ake kira tauraron niyutiron. Faɗinsa kimanin kilomita 20 ne, bai ma kai tazarar Kano zuwa Kura ba, amma ya fi ranarmu nauyi. Wasu suna juyawa suna watso zangon rediyo, kamar mutum ya riƙe tocila yana katantanwa da ita cikin duhu, duk zagaye ta haske ka sau ɗaya. Su ake ce wa fulsa. Wata ɗaliba, Jocelyn Bell, ta fara gano su a Ingila a 1967. Akwai mai juyawa sau 716 a daƙiƙa ɗaya. Eh, daƙiƙa fa na ce!

To, bugun nasu daidai yake kamar agogo. In ya makara ko ya yi sauri, komai ƙanƙantarsa, akwai dalili. Da haka ake auna nauyin tauraron, ake kuma farautar igiyoyin da ke girgiza sararin samaniya, waɗanda aka sanar da alamunsu a 2023. Matsalar ita ce siginar tana iso mu a raunane ƙwarai, sai da manyan kunnuwa. Shi ya sa Afirka ta Kudu ta kafa MeerKAT mai faranti 64 a 2018, kuma aikin SKA da aka fara ginawa a 2022 zai kai su 197, duka suna saurare tare tamkar kunne guda. Za a samu dubban sababbin agogo, awo kuma ya ƙara daidaita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: ƙasashen Afirka takwas ne abokan wannan aiki, babu Najeriya. Gana tana ciki. A Kuntunse, kusa da Akara, tsohon dish ɗin sadarwa mai faɗin mita 32 suka gyara, suka buɗe shi a 2017, har ya jiyo fulsa. Mu ma an yi tashoshin irin wannan a Lanlate da Kujama ta Kaduna. Masu karatun kimiyyar lissafi da fiziks a Bayero da Wudil, ku tambayi malamanku ina farantan nan suka kwana, ku kawo mana amsa a shiri na gaba.