George Stephenson, Maƙerin Jirgin Ƙasa

An haifi George Stephenson a Ingila cikin shekarar 1781. Ubansa talaka ne, mai hura wutar inji a mahaƙar kwal. Har yaron ya shekara goma sha takwas bai iya karatu ba. Sai ya shiga makarantar dare, yana biya da guminsa.

Cikin 1814 ya ƙera kan jirginsa na farko. Wutar kwal ke tafasa ruwa, ƙarfin tururin kuwa ya juya ƙafafun. Cikin 1825 wani jirginsa ya ja mutane da kaya tsakanin Darlington da Stockton. Ya rasu cikin 1848.

Irin wannan jirgi ne ya iso Kano cikin 1911, ya riƙa kwasar gyaɗa zuwa Ikko. Lalle gemu ba ya hana ilmi.