Bakwaini Iri Biyu: Wanda Ya Zo da Kansa da Wanda Likita Ya Fito da Shi

Duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙiyasin hukumar ya nuna an haifi irinsu kusan miliyan 13.4 a 2020, wato ɗaya cikin kowane goma, kuma Nijeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

Amma wannan adadi ya haɗa haihuwa iri biyu. Akwai wadda naƙuda ke zuwa wa da kanta, ko faya ta fashe tun lokaci bai yi ba. Akwai kuma wadda likita ke dubawa ya ga zaman jaririn a ciki ya fi fitowarsa haɗari, sai ya sa ruwan naƙuda ko ya yi tiyata.

A Amurka, haihuwar bakwaini ta tashi daga ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 12.8 a 2006. Kaso mai yawa na ƙarin ya fito ne daga hannun likitoci, musamman tsakanin mako 34 da 36, sai kuma tagwayen da dashen ƙwai ya yawaita. Wata cirewar ta ceci rai, wata gaggawa ce kawai, jarirai suka sha wahalar numfashi da ciwon shawara ba gaira ba dalili. Daga baya likitocin mata na ƙasar suka matsa cewa kada a taɓa ciki kafin mako 39 sai da hujjar lafiya, adadin ya yi ƙasa na wasu shekaru.

Tamu matsalar ta sha bamban, ita ce kuma ta fi ci mini rai. Mace ce mai cikin wata takwas, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kai na sara, ido na ganin dishi-dishi, a gida ana cewa ai haka ciki yake. Hawan jinin masu ciki ke nan, wanda kan kai ga jijjiga, kuma raba uwa da cikin ne maganinsa. Da ta je awo an gwada jini da fitsari, da an gane da wuri, an yi mata allurar da ke ƙosar da huhun jariri idan cikin bai kai mako 34 ba, sannan a zaɓi ranar haihuwa. Sau da yawa sai ta fara taune harshe ake neman mota, jaririn kuma ya riga ya daina motsi.

Saboda haka, idan asibitocinmu suka inganta, mai yiwuwa adadin bakwainin da likita ya fitar ya ƙaru. Abin da ya kamata a riƙa tambaya a kowane ɗakin haihuwa shi ne dalilin fito da jaririn da aka rubuta a katin uwar, da ko akwai kwalbar ajiye bakwaini da wutar lantarkin da za ta riƙe ta har gari ya waye.