Rawar haɗaka

Rawar haɗaka wani nau'in rawa ne da motsa jiki wanda masu nakasa da marasa nakasa ke yi tare a aji ɗaya. Ta bambanta da rawar da aka saba koyarwa, domin ba a buƙatar ɗalibi ya kwaikwayi takun malami. Kowa yana ƙirƙirar motsinsa ne daga abin da jikinsa zai iya.

Tarihi

Harkar ta bunƙasa a Amurka da Ingila daga ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 1987 Alito Alessi da Karen Nelson suka kafa DanceAbility a birnin Eugene na jihar Oregon, kuma a wannan shekarar aka kafa ƙungiyar AXIS a Oakland da ke Kalifoniya. A 1991 Celeste Dandeker da Adam Benjamin suka kafa Candoco a Landan. Dandeker ƙwararriyar 'yar rawa ce da ta koma amfani da keken guragu bayan ta ji rauni a laka a kan dandamali a 1973. A 2001 kuma aka fara shirin Dance for PD a Brooklyn domin masu cutar Parkinson.

Yadda ake gudanar da aji

Malami yakan fara gano motsin da kowa a ajin zai iya, ko da ɗaga yatsa ne ko juya kai, sannan ya gina darasin a kansa. Ana yin aiki bibbiyu ko rukuni-rukuni, wani ya yi motsi ɗan'uwansa ya mayar masa da martani. Makafi sukan bi ta hanyar taɓawa da bayanin baki, kurame kuma ta hanyar gani da jijjigar kiɗa a daɓe. Keken guragu da sanda ana ɗaukar su a matsayin ɓangaren rawar.

Amfani ga manya

Yawan zama wuri ɗaya yana kawo sagewar gaɓoɓi da raunin tsoka, kuma motsi a kai a kai yana taimakawa wajen rage su. Ga masu cutar Parkinson, bin amon kiɗa yana sauƙaƙa fara taku da daidaita tafiya. Ajin yana rage kaɗaici, wanda ke damun manya da yawa bayan sun bar makaranta. Haka nan yana ba mutumin da aka saba yanke wa shawara damar zaɓar motsinsa da jagorantar wasu. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, ta shekarar 2006, ya amince da haƙƙinsu na shiga harkokin al'adu da nishaɗi.

Ƙalubale

Rawar ba ta maye gurbin magani ko gashin ƙashi na asibiti. Masu ciwon zuciya ko raunin laka ana so su nemi shawarar likita kafin su fara. Ƙarancin malaman da aka horar, tsadar sufuri da gine-ginen da keken guragu ba ya iya shiga suna cikin abubuwan da ke hana mutane halarta.