Idan na'urar gahawa ta ƙi fitar da ruwa: Abin dubawa kafin a kira mai gyara

A unguwannin Abuja irin su Maitama, Wuse II, Jabi da Gwarinpa, gahawar espresso ta tashi daga shagunan shan kofi ta shiga ɗakunan girki na gidaje. Sai dai da yawa daga masu na'urar kan wayi gari su ji tana gurnani, amma ruwa ba ya fita sai ɗigo-ɗigo, ko ma ya ƙi fita sam. Da yake daga waje ake shigo da kayan gyaranta, kuma farashinsu na bin dala, kuskure ɗaya na iya jawo asara mai yawa. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau.

Espresso na samuwa ne idan famfon na'urar ya tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin garin gahawa da aka danne, da matsin da ya kai ninki tara na matsin iska. Tun 1961, lokacin da kamfanin Faema na Italiya ya fito da samfurin E61 mai famfon lantarki, wannan ma'auni ya zama abin bi. A bisa al'ada, giram 18 na gari kan ba da kimanin giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Duk abin da ya tare hanyar ruwan ko ya raunana famfon zai ɓata wannan lissafi.

A fara da gwaji mafi sauƙi

A cire ludayin da ake zuba garin, sannan a kunna ruwa. Idan ya zubo sosai, laifin yana ga garin: ko niƙan ya yi laushi fiye da kima, ko an cika shi da yawa. Sai a ƙara wa niƙan kauri kaɗan, a kuma ɗaga rariyar ludayin sama a haske a ga ko ƙofofinta sun toshe. Idan kuwa ruwan ya ƙi zuwa duk da babu ludayi, to matsalar tana cikin na'urar.

Abu na farko shi ne iska. Idan tankin ya ƙare ana cikin aiki, ko na'urar ta daɗe a ajiye, iska kan shiga bututu, famfon ya yi ta ƙara ba ya jan komai. A cika tankin, a tabbatar ya zauna daidai, a buɗe bututun tururi, a kunna famfon har ruwa ya fito ba yankewa. Kada a bar shi yana aiki a bushe na tsawon lokaci, domin yana iya lalacewa.

Ruwan da ake zubawa

Wasu sassan birnin na samun ruwan Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya daga madatsar Usuma da ke Ushafa a yankin Bwari. Rukunin gidaje da dama kuwa sun dogara ne da rijiyar burtsatse, ko motar tanka, ko 'yan garuwa. Irin wannan ruwa kan zo da yashi da laka daga gindin tankin sama, waɗanda ke toshe 'yar rariyar da ke bakin bututun na'urar. Idan yana ɗauke da ma'adinai da yawa, zafi kan sa su daskare su zama farin ɓawo mai kama da kanwa, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Duk gidan da butarsa ke yin wannan ɓawo, na'urarsa ma tana yi.

Maganinsa shi ne wanke cikinta da sinadarin da kamfanin ya ambata a takardar na'urar, sannan a ɗauraye da tanki biyu na ruwa mai tsabta. Kamfanoni da dama na hana amfani da ruwan khal, saboda yana cin roba, yana kuma barin wari.

Wutar lantarki

Famfon yawancin na'urorin gida da ƙarfin wuta yake bugawa. Najeriya na amfani da bolt 230, kuma idan wutar AEDC ta zo ba ƙarfi, ko aka ɗora na'urar a kan ƙaramin janareta ko inbata, matsin kan faɗi, tunda mai ɗumama ruwan kaɗai yakan ci wat 1,000 ko fiye. A sake gwadawa idan wuta ta cika kafin a yanke wa famfon hukunci. Na'urar da aka yo tsaraba daga Amurka kuwa ta bolt 120 ce. Jona ta kai-tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba ƙona ta ne.

Idan an bi duk waɗannan ruwan bai zo ba, ko aka ga yana tsiyaya daga ƙasa, ko aka ji ƙauri, a zare waya daga soket a nemi wanda ya san irin na'urar. Tukunyar cikinta na riƙe zafi da matsi ko bayan an kashe ta, don haka buɗe ta ba aikin gida ba ne. Mai ita dai ya riƙa zuba tataccen ruwa, yana wanke rariya duk mako, yana kuma rufe tankin idan ƙurar hunturu ta sauko.