Tsakanin Ido da Hannu Akwai Tafiya

Duk wanda ya taɓa hawan zemijan daga Avotrou, ya tsallaka gada zuwa Zongon Kwatano, ya ga yadda masu rigar ɗorawa suke kutsawa tsakanin motoci. Sai ka ce idonsu da hannunsu abu guda ne. Ba haka ba ne. Ido yana gani, ya aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci hannu. Wannan aike yana cin lokaci.

A shekarar 1947 wani injiniya a Ingila, Arnold Tustin, ya auna masu saita manyan bindigogi sa'ad da suke bin abu mai motsi. Ya tarar hannu yana makara da wajen sulusin sakan, ya sa wannan cikin lissafi kamar na inji. Lissafin irin wannan ya nuna cewa in jinkirin ya ƙaru, mutum yakan gyara a makare, gyaran ya zarce, ya sāke gyarawa ya zarce ta ɗaya gefen. Ka ga babur yana tangal-tangal a hannun wanda barci ya kama? To, shi ke nan.

A kan titi abin ya fi haka, domin ba a shirye kake ba. In yaro ya faɗo gabanka, sai ka ci sakan guda ko fiye kafin ka taɓa birki. Mai gudun kilomita 50 a awa yana shafe kusan mita 14 cikin wannan sakan ɗin. In kuwa ka ninka gudu, tazarar da birki yake bukata takan ninka sau huɗu. A ɗakin ɗaure ciwo mun sha jin, "Sista, na gan shi fa!" Gaskiyarsa, ya gani. Hannu ne bai iso ba.

Rashin barci, sodabi, da maganin mura mai sa gyangyaɗi duk suna tsawaita jinkirin. Tiramol ya fi ba ni tsoro: yana ɓoye gajiya, bai kawar da ita ba, yana kuma iya jawo farfaɗiya a tsakiyar titi.

Gwada a gida. Wani ya riƙe rula a tsaye tsakanin yatsunka biyu, ya sake ta ba sanarwa, kai ka cafke. Lafiyayye yakan kama ta wajen santimita 20. Gwada da safe, ka sāke gwadawa da dare bayan ka tashi aiki. In kullum tana kuɓuce maka, ko ido yana yi maka hazo, zo asibiti a duba ka kafin ka sāke ɗaukar fasinja.