In Kin Je Ziyara, Ki Tambaye Shi Da Wa Yake Zama

'Yar'uwa, in ɗanki ko maigidanki yana tsare, kin san hanyar Babbar Kasuwar Katsina: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari da sabulu, a ƙulle a leda a nufi gidan yari. Sai dai mafi yawanmu in mun je, tambayarmu ba ta wuce "Ka ci abinci?"

Ki ƙara da wata: da wa kake zama?

A ɗaki guda ake cusa wanda bashi ya kai shi da wanda ya ƙware a fashi. Yaron da ya shiga saboda satar waya, in ya faɗa hannun 'yan ƙwaya, zai fito da abin da bai shiga da shi ba. Amma a gidan akwai masu jam'in salla, da masu haddar Alƙur'ani, da masu koyon ɗinki da kafinta. Ko Annabi Yusuf (A.S.), kyawun halinsa ne ya jawo samarin nan biyu gare shi a kurkuku.

Ladabi kuma yana rage kwanaki. A ƙa'ida, wanda aka yanke wa hukunci yakan sami ragin kashi ɗaya cikin uku in ya kiyaye doka. Faɗa ko ɓoye waya na iya cinye ragin. Dokar 2019 ta mai da sunan gidajen na gyaran hali, ta kuma tanadi ilimi da sana'a.

Saboda haka in ya roƙi kuɗi, ki bincika na mene ne. In littafi ya ce, ki haɗa masa da biro.